Na Yi Musun Yesu a Hanyar Mubi

Ni tela ne, haifaffen Mubi a jihar Adamawa, kuma a cikin ikkilisiya na tashi. Mahaifina mai bishara ne a ƙauyukan gindin duwatsu ta wajen iyakar Kamaru, mahaifiyata kuwa tun ina goye take cikin zumuntar mata. An yi mini baftisma ina saurayi a kogin Yedzaram, aka nutsar da ni sau uku kamar yadda muke yi a EYN, wato Ikkilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ba don in faranta wa iyayena rai na shiga ruwan nan ba. Na san ni mai zunubi ne, na gaskata Yesu ya mutu domina, na kuwa fito da murna ta gaske. Na faɗi wannan tun da fari ne saboda daga baya na kai wani matsayi da nake shakkar ko ranar nan ma ta gaskiya ce.

Tambayar ko mai bi zai iya rasa cetonsa, da yawa sun san ta a matsayin gardamar nazarin Littafi Mai Tsarki, a ja ta a yi dariya a tashi. Ni ta hana ni barci shekaru.

A 2014 labarai suka riƙa matsowa kusa da mu. An kwashe 'yan matan Chibok a watan Afrilu, Gwoza ta faɗi a Agusta, Michika a Satumba. Mutanen Michika suka cika gidajenmu, muna ba su tabarma da tuwo, muna ce musu su kwantar da hankali, Mubi babban gari ne, akwai barikin soja. A shagona samari kan zauna suna cika baki, kowa na faɗin abin da zai yi in an ɗora masa bindiga. Ni ma na faɗa. Na ce gara a yanka ni da in juya wa Ubangijina baya. Hausawa sun ce in ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Ranar 29 ga Oktoba mayaƙan Boko Haram suka shigo Mubi. A ranar kuma suka afka wa Kwarhi, inda hedikwatar ikkilisiyarmu da makarantar horar da fastoci suke. Maƙwabcina Musulmi ne, mun shekara da shekaru muna zaman lafiya, shi ya cusa matata da 'ya'yana cikin motarsa tare da nasa iyalin, ya ce in biyo baya don babu wuri. Allah ya saka masa. Mutane da yawa ba su san Musulmin Mubi nawa suka rasa rayuka da dukiya a lokacin ba, ni ganau ne.

Na bi ayarin masu gudu da ƙafa. A wani kwari bayan gari muka faɗa hannun wasu yara masu bindiga, wasunsu ba su kai ƙanena ba. Suka jera mazan, suna bin mu ɗaya ɗaya. Mutumin da ke gabana dattijo ne mai furfura, da buhu a kafaɗa. Suka tambaye shi addininsa, ya ce shi Kirista ne. Suka ce ya bari. Ya ce ya tsufa da canza Ubangiji. Biyu suka ja shi bayan wani dutse, muka ji ƙarar bindiga.

Da aka zo kaina, bakina ya riga hankalina. Na ba su sunan da ba nawa ba, na ce ni Musulmi ne. Na tashi cikin Musulmi, na iya kalmar shahada tun ina yaro, na karanta musu ita ba gargada. Ɗayansu ya dube ni da kyau, ya ce, "Kai ba ka da alaƙa da masu coci?" Na ce, "Ba ruwana da su, ba ruwana da Yesunsu." Wannan jimlar ta ƙarshe ba wanda ya nema daga gare ni. Ni na ƙara ta don su gamsu. Suka ce in wuce.

Na iske iyalina a Yola, cikin dubban mutanen da suka sami mafaka a harabar babban cocin Katolika na St. Theresa. Matata ta faɗi ƙasa tana kuka tana yabon Allah. Duk wanda ya tambaye ni yadda na tsira sai in ce Allah ne ya yi. Sojoji da maharba sun ƙwato Mubi a cikin Nuwamba, amma ban koma da wuri ba. Muka wuce Jos, inda shugabannin ikkilisiyarmu ma suka koma na ɗan lokaci, na sami aron keken ɗinki a wata unguwa na ci gaba da sana'a. Tsoro na daji, kunya na gida. Tsoron ya tafi da muka bar daji, kunyar ce ta shigo ɗaki ta zauna tare da ni.

Watanni kaɗan bayan haka aka yi wani taron farkaswa a unguwarmu, baƙon mai wa'azi ya ɗauki Matiyu 10:33, inda Yesu ya ce wanda ya yi musunsa a gaban mutane, shi ma zai yi musunsa a gaban Ubansa na sama. Ya ɗaga murya ya ce akwai waɗanda suka sayar da cetonsu don su tsira da fatar jikinsu, an share sunansu daga littafin rai, ko sun yi kukan jini. Jama'a na cewa amin. Ban ce mutumin ya yi da mugun nufi ba, bai san da wa yake magana ba. Amma rabin waɗanda ke zaune a rumfar nan 'yan gudun hijira ne, ya kamata ya yi tunanin haka.

Na koma gida na buɗe Ibraniyawa sura 6, daga aya 4 zuwa 6. Can aka ce waɗanda aka taɓa haskaka su, suka ɗanɗana baiwar sama, suka sami rabo cikin Ruhu Mai Tsarki, sannan suka fanɗare, ba shi yiwuwa a sāke jawo su ga tuba. Na juya sura 10 aya 26, na ga cewa in muka ci gaba da zunubi da gangan bayan mun san gaskiya, babu sauran hadaya dominmu. Na rufe littafin. A ganina shari'a ta ƙare.

Daga ranar na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi don tunawa da mutuwar Yesu. Duk lokacin da aka sanar da shi sai in ƙirƙiro aikin gaggawa, ɗinkin biki ko ciwon kai. Ban daina zuwa sujada ba, don matata za ta tambaya, amma na fita daga ƙungiyar mawaƙa. In na durƙusa zan yi addu'a sai in ji kamar ana ce mini, da wane bakin? Na ci gaba da koya wa 'ya'yana addu'ar Ubangiji da dare, ina tunanin ko da ni na ɓata, su kada su ɓata.

A Fabrairun 2018 aka sace 'yan matan makarantar Dapchi, a watan Maris aka dawo da mafi yawansu, aka riƙe Leah Sharibu domin ta ƙi barin bangaskiyarta. Yarinya 'yar shekara 14. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika, bayan duniya ta ga bidiyonsa yana magana cikin natsuwa a hannun waɗanda suka kama shi. Ina girmama su har cikin raina, ban taɓa jin haushinsu ba. Sai dai duk ranar da aka ambaci sunayensu a kan bagadi, ni hukuncina nake ji ana karantawa.

A shago nakan jefa tambayar kamar da wasa, in ce wani ne ya tambaye ni. Ina da abokai biyu masu son gardamar Littafi. Na farko ya ce, ai in an cece ka an cece ka ke nan har abada, kada ma mutum ya damu. Na ji sanyi na ɗan lokaci, sai na ce masa, to wanda ya fita ya ƙi dawowa fa? Ya ce wannan dama can ba a cece shi ba, ya kawo 1 Yohanna 2:19, cewa sun fita daga cikinmu domin ba namu ba ne. Bai san ya soke ni a inda ya fi zafi ba. Ashe ko dai na rasa ceto, ko kuwa ban taɓa samunsa ba, ranar Yedzaram wanka kawai na yi. Na biyun ya ce ceto ana rasa shi sarai, ko da fushi ka kwanta ka mutu ka tafi wuta, sai mutum ya tuba ya sāke karɓar Yesu. Na ce masa, to Ibraniyawa da ta ce ba a sāke sabunta tuba fa? Ya yi shiru, ya ce zai bincika. Kowannensu yana riƙe da ayoyinsa, ya bar na ɗan'uwansa a ƙasa.

Matata ce ta gaji. Wata rana da dare ta ce, "Baban yara, tun Mubi ba kai ne mijin da na sani ba. In mace ce ka faɗa mini, in bashi ne mu biya." Na faɗa mata duka, har da jimlar da na ƙara. Ta yi kuka sosai. Da ta share hawaye ta ce, "Ni ban iya amsa wannan ba, amma gobe za mu je wurin Baba."

Baba tsohon fasto ne da ya yi ritaya, abokin mahaifina, idonsa ya fara dushewa. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Bai ce ba komai ba ne, kuma na gode masa da bai faɗi haka ba, don da ya faɗa da ban yarda da sauran maganarsa ba. Ya ce, "Ɗana, zunubi ka yi, babba kuwa. Ka yi musun wanda ya mutu dominka. Yanzu buɗe mini Luka 22, ka karanta daga aya 31."

Na karanta inda Yesu ya ce wa Bitrus Shaiɗan ya nemi izini ya sheƙe su kamar alkama, amma shi ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, in kuma ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa.

Baba ya ce, "Yaushe Yesu ya yi masa addu'ar, kafin ya yi musu ko bayan?"

Na ce, "Kafin, Baba."

Ya ce, "Bitrus ya ji maganar Matiyu 10 da kunnensa, daga bakin Ubangiji. Ya yi musu har sau uku, da rantsuwa, ba a gaban bindiga ba, a gaban baranya. Ya cancanci a yi musunsa ko bai cancanta ba?"

Na ce ya cancanta.

Ya ce, "To me ya sa ran tashi daga matattu mala'ika ya ce a gaya wa almajiran, har da Bitrus? Me ya sa a bakin teku Yesu ya damƙa masa tumakinsa?"

Na ce masa Ibraniyawa ce ta ɗaure ni. Ya ce in lura da irin mutumin da ake magana a kai: wanda ya san gaskiya, ya juya mata baya, ya tsaya a kan haka, yana wulakanta Ɗan Allah a fili, ba ya kuwa neman tuba. Sai ya tambaye ni, "Shekarun nan duka, wa yake sa ka kuka? Shaiɗan yana sa mutum ya yi kewar Yesu? Wanda Ruhu ya bari ba ya zuwa gidan tsoho da sassafe yana rawar murya." Ya sa na karanta Yohanna 6:37, inda Yesu ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan. Ya ce in nuna masa inda aka rubuta ban da mutumin Mubi.

Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamana a coci. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga allolin ƙasa ya karɓi takardar shaida. Kiristoci da yawa suka yi hadayar, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da tsanani ya lafa suka dawo ƙofar ikkilisiya suna kuka. Wani malami a Roma, Nobatiyan, ya ce ikkilisiya ba ta da ikon karɓarsu. Kifriyanus, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, tare da majalisar da ta zauna a 251, suka ce a karɓe su bayan tuba ta gaskiya. Da fari an tsananta wa waɗanda suka yi hadayar da hannunsu, sai a bakin mutuwa za a maido su, ba da daɗewa ba kuma aka sassauta. Kifriyanus ɗin nan ba mai sakaci ba ne, shi kansa an sare masa kai saboda Almasihu a 258. Baba ya ce, "A nan Afirka aka yi shari'arka, ɗana, tun kafin a haifi kakannin kakanninka."

Daga baya na nemi ƙarin sani, na aro littattafai wurin wani ɗalibin tauhidi da nake yi wa ɗinki. Na gane gardamar abokaina biyu tsohuwa ce. Almajiran wani malamin tauhidi mai suna Arminiyus a ƙasar Holan sun rubuta ƙorafinsu a 1610, a kan wannan batu kuwa da fari cewa suka yi yana bukatar ƙarin bincike cikin Littafi. Majalisar ikkilisiya da ta zauna a garin Dort daga 1618 zuwa 1619 ta amsa musu cewa Allah yana riƙe nasa har ƙarshe. Abin da ya ba ni mamaki shi ne majalisar ba ta ce mai bi ba ya faɗuwa ba. Ta ce yana iya faɗawa cikin mugun zunubi, ta ambaci Dauda da Bitrus da suna, ta ce Allah ba ya janye Ruhunsa gaba ɗaya, yakan sabunta su zuwa tuba. John Wesley a Ingila, wanda ya kafa Methodist, ya tsaya a ɗaya gefen, ya koyar cewa mai bi na gaske zai iya fanɗarewa har ya hallaka, amma shi ɗin ne kuma ya yi wa'azi musamman domin waɗanda suka ja da baya, yana ce musu kada su fid da rai, ƙofa a buɗe take. Har yau a ƙasarmu Methodist da Assemblies of God sun fi karkata ga koyarwar Wesley, Baptist da ikkilisiyoyi irin su NKST a ƙasar Tibi sun fi karkata ga ɗayan. Na ga tsarkakan mutane a kowane gefe. Kuma duk manyan malaman nan, da za a kawo musu maganata, amsa ɗaya za su ba ni: ka tuba, ka dawo. Ba a kaina suka rabu ba. Sun rabu ne a kan wanda ya tafi har ya mutu bai waiwayo ba, ko ya rasa abin da yake da shi ne, ko dama bai taɓa samu ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Na gaskata ban rasa cetona a kwarin nan ba. Ba don zunubin ƙarami ne ba, sai don ba ƙarfin zuciyata ne ya cece ni tun farko ba. A Yohanna 10:28 da 29 Yesu ya ce yana ba tumakinsa rai madawwami, ba za su hallaka ba, ba mai ƙwace su daga hannunsa ko daga hannun Ubansa. A ranar gudu na ga mata suna tsallake duwatsu da jarirai a baya. Jaririn yakan riƙe rigar uwarsa, in ya firgita ko barci ya ɗauke shi sai ya saki, amma ba ya faɗuwa, domin majanyi ne ke riƙe da shi, uwar ce kuma ta ɗaura. Ni na saki. Shekarun da nake tsammani an yashe ni, a cikinsu ne aka hana ni sakewa da zunubina, aka hana ni barin ƙofar coci, aka ba ni matar da ba ta yi shiru ba.

Duk da haka ba na yarda a mai da wannan koyarwa lasisin iskanci. Raina yana ɓaci in na ji saurayi yana zaman banza yana cewa ai ya ɗaga hannu a taro tun yana yaro, an gama. Gargaɗin Ibraniyawa gaskiya ne, Matiyu 10:33 gaskiya ce, ban goge ko ɗaya daga Littafina ba. 2 Timoti sura 2 ta ajiye maganganun biyu kusa da juna, in mun yi musunsa zai yi musunmu, in mun kasa aminci shi mai aminci ne har yanzu, ni ma kusa da juna nake riƙe da su. Gargaɗin na wanda ya miƙe ƙafa cikin tawaye ne, ya kamata ya firgita shi. Abin da ya yi mini ciwo shi ne an ɗauki maganar da aka yi domin mai taurin kai an sauke ta a kan mai karyayyar zuciya.

Baba ya raka ni gaban dattawan ikkilisiya na faɗi abin da na yi. Suka yi mini addu'a. A Jibin Ubangiji na gaba na zauna a layin maza, wani dattijo da ya ji komai daga bakina ya durƙusa ya wanke mini ƙafa, ni ma na wanke ta na kusa da ni, na ci gurasa na sha ƙoƙon.

Yanzu mun dawo gida Adamawa, ina sujada a wata ƙaramar ikkilisiya a gefen gari. Kwanakin baya wata mata ta dawo daga daji bayan shekaru a hannun mayaƙan, da yaro a hannunta. An canza mata suna a can, an aurar da ita dole, ta yi duk abin da aka ce ta yi don ta rayu. Ta riƙa zama a bencin ƙarshe, mata suna matsawa in ta zauna. Da maganarta ta zo gaban majalisar ikkilisiya, wani dattijo ya ce wadda ta yi ridda sai dai a bar ta da Allah, ya buɗe Ibraniyawa 6. Ba su san labarina ba, don a Jos na yi furcina. Na nemi izini na miƙe, na ce, "Iyayena, kafin ku yanke nata ku fara da nawa," na faɗa musu abin da ya faru a kwarin, na ce ita shekaru ta yi a tsare, ni ko awa ɗaya ban yi ba.

An daɗe ana magana a ranar. A ƙarshe aka sa matar fasto da wasu mata biyu su riƙa zama da ita suna nazari, bayan wata 'yan watanni ta tsaya gaban jama'a ta shaida bangaskiyarta, aka karɓe ta a teburin Ubangiji, yaron kuma yana makarantar Lahadi tare da autana. Dattijon nan bai canza ra'ayinsa a kan ayar ba, ya gaya mini haka a fili, ni ma na gaya masa nawa. Ya dai yarda a karɓe ta, matarsa ce ma take koya mata saƙa. Mun yi alkawari ni da shi za mu zauna mu karanta wasiƙar Ibraniyawa tun daga sura ta fari, in an gama girbi.